Tsohon Kiyub a Hannun Kaka

Da aka sallamo Kaka daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya dawo daidai, ƙafa ma ta fara takawa, amma hannun dama ya ƙi. Yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Likitar da ke koya mata motsa jiki ta ce kada a bar yatsun su sandare, a samo mata abin da za ta riƙa juyawa.

Jikanta Dogo ya ce maganin yana wurinsa. Dogo ɗan jami'a ne, kuma tun yana ƙarami ya kamu da son kiyub, ɗan akwatin wasan nan mai fuska shida da ake murɗawa har kowace fuska ta koma launi ɗaya. Har gasar sauri yake zuwa. Ya ɗauko nasa na ji da kai, sabon yayi mai maganaɗisu a ciki, wanda ko ƙannensa ba ya bari su taɓa, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Yau maigidan nawa ya tuna da ni," in ji Kaka. "Mazan wasu zane suke kawowa, nawa kayan wasan yara."

"Ke dai murɗa, tsohuwa."

Abin bai yiwu ba. An yi kiyub ɗin ne don yatsu masu sauri, da an shafe shi ya zarce. Hannun Kaka kuwa rawa yake yi, in ta nufi juya layi ɗaya sai biyu su tafi. Kiyub ɗin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Dogo ya ciro, ya sake suɓucewa. Kaka ta juya fuska wajen bango.

"Ɗauke kayanka," ta ce. Wannan karon babu wasa a muryarta.

Washegari Dogo ya biya shagon da ya sayi kiyub ɗinsa na farko, wani ɗan tsukuku tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da littattafai. Sababbi suna jere cikin gilashi suna ƙyalli. Ya tambayi mai shagon ko akwai sauran tsofaffin nan masu araha.

Matar ta sauke tabarau ta dube shi. "Kai? Ba kai ne ka tsaya nan kana hana yara sayensu ba? Ka ce murɗa su kamar buɗe tsohuwar ƙofa ne."

"Ni ne, Mama. Yau ƙofar nake nema."

Ya ba ta labarin Kaka. Ba ta ƙara tsokanarsa ba. Ta durƙusa ta jawo wani kwalin tsofaffin kiyub daga ƙarƙashin teburin shagon, ta goge shi da tsumma. Dogo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da yatsu biyu kawai, yana kwaikwayon hannun Kaka. Ya zaɓi wani mai ɗan nauyi, mai ƙara ƙas-ƙas, wanda in ka juya layi yake tsayawa inda ka bar shi.

A gida ya ɓalle marfin tsakiya, ya sassauta kusoshin da sukundireba, ya ɗiga ɗan mai. Ya miƙa mata ta gwada, ya karɓa ya ƙara sassautawa, har taurin ya zo daidai da ƙarfinta. Kaka ta tura da babban yatsa. Layin ya juya, ya tsaya.

"To, wannan sa'ana ne," ta ce. "Yana da taurin kai, amma ba ya gudu."

Daga nan kullum bayan karin kumallo sai a ji ƙas-ƙas daga bakin tagarta. Farar fuska kaɗai Dogo ya ce ta haɗa. Wata rana ya kama ta tana satar hanya da hannun hagu, ta rantse ƙaiƙayi take sosawa. Wata rana kuma haushi ya sa ta tura kiyub ɗin ƙarƙashin matashi, ta ce kowa ya fita. Kafin azahar aka sake jin ƙarar.

Ran nan Dogo ya dawo daga gasa jiki a sanyaye, an fitar da shi tun zagayen farko. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadonta. Sai Kaka ta sauke masa kiyub ɗin a gaban ido. Fuskar ta yi fari tas, ban da kusurwa ɗaya ja.

Dogo ya yi dariya. "Duk wannan zaman, aikin ke nan? A gasa da an kore ki."

Ta cafke kunnensa ta murɗe.

"Wayyo! Kaka, da zafi!"

Sai ya ɗaga hannu ya taɓa yatsun da ke riƙe da shi. Na dama ne. Kaka ma ta tsaya tana kallonsu.

Mahaifiyar Dogo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Lafiya?"

"Umma, zo ki gani," ya ce. "Kaka, kada ki saki. Ƙara murɗawa."

Ta ƙara, har hannun ya gaji ya sauka a kafaɗarsa. Umma ta koma kicin tana goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.