Hannun Malam Rabo a Kan Shafi Sittin

Tsahara ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar zauren ƙungiyar manoma da ke Maraɗi, bakinta har kunne. Wata uku ta yi tana gina wa manoman Tsibiri da Jiratawa dandalin intanet mai shafi sittin, yau kuma za su gani su ce sun karɓa ko a'a. Abin alfaharinta shi ne uwar shafi, wato tsari guda da kowane shafi yake ɗauko kansa da gindinsa daga ciki. Ta ishi kowa da zancensa, har ƙannenta suna gudunta.

Ta haska aikin a bango. Shafin albasa, shafin zogale, na ranakun ban ruwa, duka kai ɗaya: sunan ƙungiya da hoton gonar gero shar.

Sai Inusa, wani manomin Jiratawa mai bakin tsiya, ya tuntsire da dariya. "Wanga ai dawa ce! Malam Rabo, ɗiyarka ba ta san gero ba?"

Zaure ya ɗauka. A intanet ta tsinci hoton, ba ta ko duba ba. Ɗiyar manomin gero, haihuwar Tsibiri! Ta hango mahaifinta ya sunkuyar da kai, kunya ta kama ta kamar ta nutse.

"Kuma a shafi sittin!" in ji shugaban ƙungiya. "Sai a ɗaga zama zuwa wani wata."

"Ranka ya daɗe, minti biyar kawai. Baba, akwai gero kusa?"

Malam Rabo ya fita, ya zaro zangarniya daga damin da ya ɗauro a babur zai kai wa ƙanwarsa. Ya riƙe, ta ɗauki hoto da wayarta. Ta sauya layi ɗaya tak a uwar shafi, ta sa sabon hoton.

"Malam Inusa, zaɓi shafin da kake so!"

"Na albasa!" Gero. "Na tumatir!" Gero. Mutane suka miƙe tsaye, kowa na kiran nasa, zaure ya kaure da tafi. Shugaba ya ce an karɓa. Daɗi ya cika Tsahara har idonta ya kawo ruwa.

Malam Rabo kuwa ya matso jikin bango, ya daɗe yana kallon yatsun nan masu faso da kaushi da suka fito a hoton riƙe da zangarniyar.

"Tsahara, hannuna na ga duka sittin ɗin?"

"Naka ne, Baba. Har Yamai za a gan shi."

Ya juya tafinsa, ya yi murmushi. "Ke kau da kin hwaɗa mini, da na wanke shi."