Ranar da Mama Ta Ɗauki Kumatu

Mama ta ɗauki ɗana! Yau da safe, da hannunta biyu, ni kuwa ina tsaye da bokitin wanki baki buɗe. To, bari in faro daga farko, don in na fara zuba ba a gane inda na dosa.

Wata huɗu ke nan da na haifi Kumatu. Ba shi ne sunansa ba, amma duk wanda ya ga fuskarsa ba ya tambayar dalili. A wata huɗun nan kowa ya ɗauke shi. Babansa, maƙwabta, har mai gyaran famfo da ya zo sai da ya cilla shi sama. Mama ce kaɗai ba ta taɓa ba. Mamar da ta haife ni, wadda ƙofar ɗakinta ke kallon tawa.

Shekara uku tana fama da ciwon rawar hannu. Likita ta faɗi sunansa da Turanci, na rubuta a bayan kati, har yau na kasa karanta abin da na rubuta. A da Mama tela ce, irin wadda ke zura zare a allura tana hira. Yanzu mun lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zani, rediyo muke ɗorawa a kai. Hannun damanta sai ya yi ta kaɗawa a cinyarta shi kaɗai, wani lokacin kuma jikin ya sandare, ta kasa ko juyawa.

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti na miƙa mata jaririn. Sai ta tura hannuwanta ƙarƙashin mayafi.

"Kwantar min da angon nawa nan kan katifa, in gan shi da kyau."

"Mama, ki zauna kawai, a cinya zan ɗora miki."

"In ya suɓuce fa? Me zan ce wa ubansa?"

Haka muka yi ta yi. Ta zauna gefensa tana tsokanarsa: "Wane irin miji ne wannan, daga barci sai kuka? Ko gaisuwa babu." Sai ta shafa tafin ƙafarsa da bayan yatsa ɗaya, ta janye da sauri kamar ta taɓa wuta. Ni kuma in shige banɗaki, in kunna famfo don kar a ji ni. Hannun nan ne fa ke yi min kitso ina yarinya, har barci ya kwashe ni a cinyarta. In zazzaɓi ya kama ni, shi ne ke sauka a goshina da sanyinsa. So nake ɗana ya san shi, ko sau ɗaya ne.

Sai na ce ƙarfi ne ba ta da shi. Na ɗaura ɗamara. Kullum da safe dafaffen ƙwai biyu, madara cike da kofi, in an samu hanta a haɗa. Sai ta kai rabi nake ba ta ƙwayar maganin, haka da rana, nama ko wake, don mun taso muna jin ba a shan magani da yunwa. Amma rawar hannu sai gaba take yi.

Sati uku da suka wuce muka koma ganin likita, wata doguwa mai tabarau rataye a wuya. Mama ta ce mata, "'Yata, maganin nan naki ni dai kamar ruwa nake sha." Likita ta ɗauki biro za ta ƙara yawansa, sai ta tsaya, ta dube ni.

"Ke kike ba ta? Da me take sha?"

Na gyara goyo, na lissafo mata ƙwai da madara da hanta, har ina jiran ta yaba min. Sai ta ajiye biron.

"Kin kyauta, amma kin tare masa hanya." Ta juya takarda, ta zana ƙwallo, ta zagaye shi da layi. "Wannan ƙwaƙwalwa ce. Jini yana kai kaya ko'ina a jiki, amma nan Allah ya yi mata katanga, don kar dafi da ƙwayoyin cuta su shiga. Ba kowa ke wucewa ba, sai ta 'yan ƙofofi. To, ƙofar da maganin Mama yake bi, ita ce abin da ke cikin nama da ƙwai da madara yake bi. Tun daga hanji suke turereniya. In sun iso tare, su suna da yawa, shi ɗan kaɗan ne. Sai a bar shi a waje."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wato wata da watanni ni ce nake aika taro su tsaya a gaban maganin uwata.

Mama ta ce, "Kin ji ko? Ni dai na ce miki ƙwan nan ya ishe ni."

Likita ta yi dariya. "Kar ki hana ta, jikinta na so. Ki raba musu lokaci kawai. Magani da ruwa, in ya tayar mata da zuciya ki ba ta ɗan biskit. Bayan kamar awa ɗaya ta karya, naman kuma ki fi ba ta da yamma. Ba warkewa za ta yi ba, ki ji ni da kyau. Amma wataƙila ta riƙa samun sauƙi na ɗan lokaci."

Ɗan lokacin nake so. Na sa ƙararrawa a waya. Kwana biyun farko ban ga komai ba, sai mitar Mama cewa ina horar da ita da yunwa. A na biyar ta sa maɓallin rigarta da kanta. Na ce, "Mama, ga Kumatu." Ta ce a'a.

Bayan sati na leƙa ɗakinta da hantsi, na gan ta da kofi cike da ruwa, tana tafiya daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado, tana duba ƙasa ko ya ɗiga. Washegari filo ta rungume tana jijjigawa. Ta gan ni.

"Me kike kallo? Ƙura nake kaɗewa."

Na daina miƙa mata Kumatu ma, kullum dai ina kasa kunne.

Yau da safe na ɗauko wanki zan wuce, sai na ji ta ce, "Ke, ƙarfe nawa na sha?"

"Takwas, Mama. Yanzu tara saura."

Ta ɗaga hannunta ta duba gaba da baya. Ta zauna tsakiyar gado, ta jingina da bango, ta sunkuya ta ɗauko Kumatu daga katifar da na kwantar da shi, tun kafin in ajiye bokiti.

"Kai! Ashe haka kake da nauyi? Me uwarka ke ba ka?"

Kumatu ya zuba mata ido, ya kama haɓarta. Ta sa hanci a wuyansa ta daɗe ba ta ɗago ba. Ni dai na zauna a ƙasa na jingina kaina da gwiwarta, ban san sanda na fara kuka ba. Har fitsari ya yi mata, na miƙe zan karɓa, ta ce in na taɓa shi sai ta saɓa min.

Sun fi rabin awa a haka, har ya yi barci. Can na ga babban yatsanta ya fara motsi a bayansa, kaɗan-kaɗan. Ita ma ta gani. Ta ƙara matse shi, ta ja numfashi.

"Zo ki karɓe shi. A hankali, kar ya tashi."

Na karɓa. Ta mayar da hannun cinyarta, ta danne shi da ɗayan, idonta na kan yaron.

"Na rana ƙarfe nawa zan sha?"

"Ɗaya, Mama."

"To, kar ki bari ya yi barci wajen biyu."