Kilo Arba'in da Uku na Saƙo

Malam Siddiƙu Mu'az ya bar Kalgo shi kaɗai a kan keke da safiyar Lahadi, 11 ga Janairu, bai yi sallama da mutumin da suka shafe wata goma suna shirya tafiyar tare ba. Ya tafi da kaya kilo goma sha biyu, kamar yadda ya tsara. Ya bar saƙon mutane kilo arba'in da uku a zauren abokin tafiyar tasa, kuma bai san inda zai kwana ba.

Siddiƙu mutumin Gwandu ne, shekararsa sittin da ɗaya, ya yi ritaya daga aikin safiyo, wato awon ƙasa. Abokin tafiyar, Lukuman, ɗan kawunsa ne, mai gyaran keke a bakin kasuwar Kalgo. Niyyarsu su bi titi ta Jega, Koko, Yawuri da Kwantagora har Minna, daga nan su bi 'yar hanyar ƙafa da ke gefen tsohon layin dogo har Baro, inda Siddiƙu ya fara aiki yana saurayi. Tafiyar ta haura kilomita ɗari bakwai, sun ba ta kwana goma sha biyu.

Sun zaɓi lokacin ɗari ne domin a lokacin kaɗai mai shekaru zai wuni a kan keke rana ba ta kayar da shi ba. Ga Siddiƙu kuwa, ɗarin bana ne na ƙarshe. An sa masa ranar aikin gwiwa a Sakkwato farkon Maris, likita ya ce kada ya sa rai da doguwar tafiya bayan nan. Wannan ma da sharaɗi biyu ya yarda masa: kada ya ɗora wa keken nauyi, kada ya kwana a ƙasa cikin sanyi.

Tun farko sun raba aiki. Siddiƙu ya ɗauki nisa da nauyi. Ya aro sikeli a wurin masu albasa na Gwandu, ya auna bargo, rigar sanyi, famfo, kayan faci da gorar ruwa, ya rubuta a littafi. Da lissafi ya haura, sai ya cire takalmi na biyu, ya raba sabulu biyu. Lukuman ya ɗauki gyaran kekunan da neman masauki. Kafin ƙarshen Disamba ya kawo gidaje goma sha ɗaya, kowanne da sunan maigida da lambar waya. Siddiƙu ya kwafe su a shafi ɗaya. Bai tambayi yadda aka samo su ba.

Lukuman ya bi dangi ne gida-gida, a Kalgo da Wurogauri da Kambaza, duk wanda yake da ɗa ko 'ya a kan hanyar. Kowa ya buga waya ya ce a shirya wa baƙi ɗaki. A makon ƙarshe kuma kowa ya aiko da ɗan abin da za a kai wa nasa.

Ranar Asabar Siddiƙu ya tuƙo kekensa daga Gwandu, ya iso Kalgo bayan azahar. Da ya shiga zauren Lukuman, bai sami inda zai jingina keke ba. Ga buhunan shinkafa 'yar gida, ga kwalin busasshen kifi, ga ƙullin daddawa, ga tabarma a naɗe.

"Wa zai yi ƙaura?" in ji shi.

"Saƙo ne, Safiyo. Zauna ka sha ruwa."

Bai zauna ba. Ya fita, ya aro sikelin mai kifi na maƙwabta, ya riƙa ɗora ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin nauyin da ƙarfi. Kubura, matar Lukuman, ta fito da kwanon fura, ta tsaya da shi a hannu.

"Arba'in da uku," in ji Siddiƙu. "Wata goma ina raba sabulu, kai kana nan kana buɗe tasha. A kwashe a ba direba."

"Na ce musu hannu da hannu."

"Kai ka ce."

"Gidajen nan da ka kwafa a littafinka, daga sama kake tsammani suka faɗo? Hajiya Hafiza ta ba mu ɗakin ɗanta a Koko, ta miƙo min daddawa. In ce mata mi? In ce Safiyo bai sa ta a lissafi ba?"

"Ka ce mata gwiwata."

"Zan ɗauki talatin, ka ɗauki sha uku. Kullum raguwa zai yi. Kafin mu ga layin dogon naka, ba abin da ya rage sai tabarma."

"Kai ne mai gyaran keke, ka san abin da wannan zai yi wa ƙafar baya. Inda muka tsara kilomita sittin, arba'in za mu yi. Yamma ta yi mana a inda ba a son yamma ta yi wa mutum. Ka yi tunanin wannan, ko dai 'to, Hajiya' kawai ka iya?"

"Na iya zama da mutane," in ji Lukuman. "Kai da sanda da igiyar awo ka yi rayuwarka."

Kubura ta ce, "Malam, ka sha furar tukuna. Ita ba a auna ta ba."

Ba wanda ya yi dariya. Siddiƙu ya riga ya juya buhun da ya fi kowanne nauyi, albasa kilo tara, an rubuta a jikinsa: Sharifa, Yawuri. Sharifa 'yar yayarsa Aishatu ce. Mako biyu da suka wuce Aishatu ta roƙe shi ya kai mata albasar, ya ƙi, ta ce to. Ashe a mota ta sa buhun daga Gwandu zuwa Kalgo.

Nan take ya kira ta, ya buɗe muryar wayar.

"Yaya, kin sa albasa a mota har Kalgo. Motar ba ta san hanyar Yawuri ba ne?"

"Ta sani," in ji Aishatu. "Amma mota ba ta shiga gida ta ga jikokina. So kake ka sauka gidan surukan yarinya hannu rabbana, kai kawun nata?"

"Babu albasa a Yawuri?"

"Akwai. Ba ta gonar ubanmu ba ce."

"Gwiwar tawa fa?"

"Gwiwar da za ta kai ka Baro kallon ƙarfe mai tsatsa, ita ce ba ta iya kai wa ɗiyarka albasa? Siddiƙu, tun kana yaro haka kake. In an aike ka sai ka tambayi nisan wurin."

Siddiƙu ya ce, da muryar da ta kai tsakar gida, "To ki gaya wa duk wanda ya ba da saƙo ni ba jakin kowa ba ne. Ɗakin da sai na yi dako za a ba ni, a riƙe."

Ya kashe wayar. Ya ciro littafin, ya yage shafin masaukin, ya ajiye a kan buhun albasar.

A lokacin akwai mata biyu daga Wurogauri a cikin gidan, sun kawo ƙullin ƙarshe. Kafin magariba maganar ta kai inda za ta kai. Gidaje uku suka kira Lukuman. Ba wanda ya ce kada a zo. Ɗaya ya ce ana yi wa ɗakin yaɓe, biyu suka ce tafiya ta kama su.

Siddiƙu ya kwana a gidan Lukuman, bai taɓa tuwon da aka kai masa ba. Bayan asuba ya ɗaure kayansa ya fita. Lukuman yana tsaye a ƙofar zaure, ba wanda ya miƙa wa wani hannu.

Lukuman ya wuni ranar Lahadi yana ƙara wa ƙafar bayan kekensa ƙarfi, ya ɗaura kwando a gaba. Kubura ta ce ya kai wa direba rabin kayan, ba wanda zai sani. Ya ce shi zai sani. Da safiyar Litinin ya tashi da kilo hamsin da biyar, nasa da na mutane, da shafin da aka yage a aljihu. Ya kwana a Maiyama, gaba da Jega, ya sauke buhun shinkafa ɗaya a gidan da aka shirya musu. An shimfiɗa katifa biyu, ya kwanta a kan ɗaya.

Wani direban hanyar Koko ya shaida wa Kubura cewa ya ga Siddiƙu da yammacin Litinin dab da garin, yana tura keken, yana jan ƙafar dama. Ya ce ya tsaya zai ɗauke shi, Siddiƙu ya ƙi. Da ya tambaye shi inda ya kwana, ya ce barandar wani masallaci, a kan siminti.

Da safiyar Talata kilomita sittin ne tsakanin mutanen biyu. Lukuman ya kira Siddiƙu sau tara ba a ɗauka ba. Aishatu ta aiko wa Kubura cewa Sharifa ta share ɗaki a Yawuri, ta kai katifa da bargo, da albasa ko babu. Siddiƙu bai taɓa zuwa gidan ba, amma yana da lambarta a wayarsa. Har azahar ɗin Talata bai kira ta ba.