Guduma a Bakin Gada

A wayar abokiyar aikina na ji muryar mahaifina, ana yi mata dariya.

Muna kantin maganin da nake aiki, da rana tsaka, babu mai saye ko ɗaya. Ina jera kwalaben maganin tari a kanta, ita kuwa ta dafe ciki tana dariya har da hawaye. Ta ce in zo in ga wani tsoho a wasan yaƙin nan da ake yi a waya. Na leƙa. Wani soja ne na cikin wasa, an labta masa akwatuna a baya, yana tafiya a karkace a kan wata gada. Nakiya ta tashi da shi. Sai wata murya mai nauyi, wadda harshe ke ja da ƙyar, ta ce, "Ku jira ni." An yanko wurin an yi ta maimaita shi, an sa masa kiɗa, a baya kuma ga ƙartin maza suna shewa wai jaki ya sake fashewa.

Ni na san wannan murya, don ni na yi wata da watanni ina zaro kalmomi daga cikinta ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa abokiyar aikina ta kashe. Ta dubi fuskata ta kashe, ba ta tambayi dalili ba.

Baba kafinta ne. Kujerar da yake zama a kai, da gadon da aka haife mu a kansa, duk aikin hannunsa ne. Bara ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, amma hannu ya dunƙule, harshe ya yi nauyi. Abin da ya fi ciwon muni shi ne Baba ya saki jiki ya daina ƙoƙari. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cilla ta ƙarƙashin gado. Ta ja ni gefe ta gaya mini gaskiya, in yatsun nan ba su motsa a bana ba, to, sun sandare ke nan.

Autanmu, mai gyaran waya, shi ya kawo dabarar wasan. Ya ce da babban yatsan hagu ake tafiya, da na dama ake juyawa, dole mutum ya yi aiki da hannu biyu. Ya sa wa Baba a waya, ya shigar da shi tawagarsu, Baba da kansa ya zaɓi suna, wai Guduma. Na yi tsaki a lokacin, amma abin ya yi aiki. Kullum bayan abincin rana sai ya zauna a kujerarsa a bakin taga, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya duƙufa. Babban yatsan ya fara motsi, manuni ya biyo baya. Har shi wa Auta albarka na yi. Ashe ban san irin gidan da ya kai mana uba ba.

Ban jira an tashi aiki ba. Shagon Auta wani ɗan akurki ne a ƙarƙashin matakalar bene, cike da matattun wayoyi da warin dalma. Na same shi da gilashi a ido yana tonon cikin wata waya. Na ajiye masa bidiyon a gabansa, na ce ya fassara mini.

Ya yi ta sosa ƙeya. Wai ai ƙa'idar tawaga ce. Duk sabon shiga jaki ake ce masa, ba a ba shi bindiga, shi ke dakon harsashi da akwatin magani. In aka zo gadar da aka binne wa nakiyoyi shi ake turawa gaba ya share hanya, saboda tsofaffin hannu suna da muƙamin da ke raguwa in sun mutu, sabo kuwa ba shi da abin asara. Wai kowa ya bi ta nan, shi ma ya yi jakin, bayan mako ɗaya ko biyu ake ba mutum bindiga.

Na ce Baba fa ya kwashe watanni. Ya ce Kwamanda ne, shugaban tawagar, ya ce a bar shi, wai yana sa su nishaɗi.

"Sun san ubanka ne?"

Ya sunkuyar da kai yana jujjuya sukudireba. Can ya ce bai gaya musu ba, yana jin nauyi, za su sa shi a gaba da tsiya. Amma wallahi shi ba ya dariya, in an fara shiru yake yi.

Na ce masa na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Mutumin da ya goya ka a wuya ya kai ka makaranta, kana ji ana kiransa jaki, abin da kake taƙama da shi wai ka yi shiru. Na ce ranar Asabar ya zo gida lokacin da suke wasan, in kuwa bai zo ba, kada ya ƙara ce mini Yaya.

Ya zo. Ya rakuɓe a bakin ƙofa da tasa wayar, ni kuma na tsaya a bayan kujerar Baba. Na ga an ɗora masa akwatunan, na ga sauran sun ja baya sun laɓe, shi kaɗai ya doshi gadar. Yatsansa na dama yana rawa a kan allon wayar, goshinsa ya yi gumi. Na fizge wayar, na zare abin sauraron, muryoyinsu suka cika ɗakin. Wani yana kwaikwayon maganarsa, yana jan harshe.

Na yi musu wankin babban bargo. Na ce wanda suke kira jaki dattijo ne mai jinya, ciwon shanyewar jiki gare shi, kowace kalma da suke wa dariya sai da aka sha wuya kafin ta fito. Na ce uban abokinsu ne, ga shi nan a tsaye yana jina, in ya isa ya musa. Na ce jarumtar da ba ta wuce allon waya ba, ita ma sai an laɓe a bayan mara lafiya, tir da ita.

Sai Kwamanda ya gyara murya ya ce, "Don Allah ki yi haƙuri, Yaya. Wallahi ba mu sani ba." Muryar babban mutum ce, a bayansa ina jin kukan jariri da ƙarar kwanuka. Na ɗauka yaro ne mara tarbiyya, ashe magidanci ne. Wannan ya ƙara tunzura ni. Wato da ba uban wani ba ne, da daidai ne ke nan?

Na miƙa wa Baba wayarsa ina haki, ina jiran ya dube ni da godiya. Bai dube ni ba. Ya karɓa da hannun hagu ya ci gaba da kallon taga.

Daga ranar suka tuba, irin tuban da ya fi laifin ciwo. Jaki ya zama Baba. Suka ba shi bindigar da ta fi kowacce kyau, suka sa shi a cikin mota mai sulke, suka kewaye shi. Gada kuwa ko kusa da ita ba a bari ya je. In sun raunata abokin gaba sai su ja baya su ce Baba ya zo ya ƙarasa, in ya harba su yi ta tafi kamar yaron da ya fara tafiya. Suka samo wani sabon shiga suka ɗora masa akwatunan. In Baba ya zare abin sauraro, ina kicin ina jin nakiya tana tashi da sabon, ina jin shewar nan ba ta ragu da komai ba. Ba abin da suka koya sai dai a tambayi mutum ɗan wa ne kafin a taka shi.

Baba yana zaune a motar, yatsansa ba shi da aikin yi. Ya fara tsallake rana ɗaya, ya koma biyu, daga nan wayar ta koma kan taga ta yi ƙura. Da muka je asibiti likitar ta kama hannun ta miƙar da yatsun, ta saki, suka koma suka dunƙule. Ta tambaye ni me ya canza a gida. Tsoro ya kama ni.

Da muka dawo na zaunar da shi na ce ya gaya mini. Ai yanzu girmama shi suke yi, me ya hana shi wasan? Ya daɗe yana tattaro maganar, ni kuma na danne halina na ƙarasa masa zance.

"Saura kaɗan in haye," ya ce.

Ashe duk fashewar nan da yake yi yana lura. Ya gane inda nakiyoyin suke ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ginshiƙin ƙarshe na gadar. Ranar da na fizge wayar ya sa rai zai taka ƙasa a wancan gefen. Na ce amma Baba ka san dariya suke maka, har bidiyo suka yi.

"Harshena ne ya mutu, ba kunnena ba. 'Yan banza ne, na sani." Ya huta, ya goge gefen bakinsa. "Amma a can kaɗai ake ce mini yi sauri. Nan kowa sannu. Ke sannu, maƙwabta sannu. Yanzu su ma sannu. Sannu ta ishe ni."

Na ji haushi iri-iri a lokaci guda. Haushinsu da suka mayar da shi abin dariya, haushin Auta, haushin cewa garin neman gira an kusa rasa ido. Har yanzu in aka mayar da ni ranar Asabar ɗin nan sai na zage su, don sun cancanta. Abin da ke cina shi ne a duk faɗin wasan nan babu wanda ya iya ɗaukar sabon mutum a matsayin mutum. Ko su hau kansa, ko su sa shi a aljihu.

Baba ya nuna wayar da haɓa. Ya ce in buɗe masa sabon suna, in sa shi a wata tawagar da ba a san shi ba, kuma kada in gaya wa Auta. Na ce can ma fa haka za su yi masa. Ya ce ya sani. Na goge ƙurar wayar da gefen mayafina, na buɗe masa ina cizon leɓe.

Auta ya lura Guduma ya daina shigowa, ya kira ni yana tambaya. Na ce Baba yana wasansa da wani suna. Ya yi ta roƙo in gaya masa. Na ce ba zan faɗa ba, ya je ya ci gaba da tura mutane kan gada, amma duk wanda ya tura ya sa a ransa wataƙila ubansa ne. Na kashe wayata.

Jiya da rana ina kicin ina dafa wa Baba shayi. Ya cire abin sauraron saboda yana sa masa ƙaiƙayi, don haka komai ina ji. Sababbin ma ba su da maraba da na da. Wani mai siririyar murya yana ta masifa, wai wane irin jaki ne wannan, ya yi sauri mana ko barci yake. Na damƙe cokali har ya shata a tafin hannuna, ƙafata ɗaya ta riga ta fita daga kicin. Sai na ji Baba, da harshen nan nasa mai nauyi, ya ce, "Jakin ne ke ɗauke da harsashinka, mara kunya. Sai ka jira." Tun da ya kwanta ciwo ban ji ya haɗa magana mai tsawon wannan a numfashi ɗaya ba. Nakiya ta tashi, suka bushe da dariya, ya danna ya sake farawa.

Na zuba shayin a kofi, rabi kawai, na shiga. Sannu ta zo bakina, na haɗiye ta.

"Baba, yi sauri ka karɓa, ina da aiki."

Ya ɗago ya harare ni. Ya kifa wayar a cinyarsa, ya miƙo hannun dama.