Keken Mani

Wata bakwai na yi ina tara kuɗin keken ɗinki. Mijina yana ci-rani a Kwatano, abin da yake aikowa na hatsi ne da haya, ni kuma na koyi ɗinki tun kafin aure amma hannuna yana zaune banza. Ɗiyata Marwa tana da shekara ɗaya da wata biyu a lokacin. Na ce in ina da keke a ɗaki, ko rigunan 'yan lakwal, wato makarantar boko, na riƙa ɗinkawa, ba zan ƙara jiran aike ba kafin in saya mata magani.

A Dogon Dutsi duk mai son keke wurin Malam Sallau yake zuwa, a layin teloli cikin kasuwa. Sau biyu na je. Ya ce jikka tamanin da biyar, kai da tebur da ƙafa, shi zai haɗa da hannunsa, kuma har shekara guda in ya lalace gyara kyauta ne. Na roƙi ragi, ya rage jikka biyu, ya ce in ya ƙara ragewa sai dai in haɗa da hularsa in tafi. Na yi dariya, na dawo gida ba keke.

Maƙwabciyata Bushira ita ta nuna mini wani a waya, cikin wani guruf na saye da sayarwa. Kan keke ne baƙi mai zanen ruwan zinariya, an ce an ɗan yi aiki da shi, jikka arba'in. Tebur da ƙafa ina da su, na innata ne da ta bari. Mai kayan bai taɓa nuna fuskarsa ba, murya kawai yake aikowa, yana ce mini Hajiya, yana cewa tausayina ya ji shi ya sa bai ƙara ba. Na tura kuɗin ta ajans, shagon aika kuɗi. Kwana biyu, wani direba ya kira ni in zo tasha. Keken yana cikin buhun shinkafa, an nannaɗe shi da tsummoki.

Yana juyawa lafiya, amma zaren ƙasa yana tsinkewa duk bayan taki ɗaya. Na sa mai, na canza allura, na kwance na ɗaure, a banza. Ba wanda ya san cikin keke kamar Malam Sallau, sai na haɗiye kunya. Ranar kasuwa da hantsi na goya Marwa, na ɗora kan keken cikin tasa, na hau kabu-kabu.

Layin teloli ya cika, kekuna suna ta kuka ta kowane ɓangare. Malam Sallau ya gan ni da kaya ya yi murmushi, ya tambaye ni ko waya ce ta haifa mini keke. Na ce eh, a yi haƙuri. Ya ce ba laifi, mara lafiya ba a tambayarsa inda ya kwana kafin a duba shi. Ya ɗora keken kan benci a ƙofar shago, ya kwantar da shi don ya ga ƙasan.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, wanda kowane tela a layin ya sani. Malam Sallau ba ya ba da takarda. Duk keken da ya sayar, yana sa ƙusa da guduma ya buga ɗigo uku a ƙasan kan, ya buga harafin sunan mai saye kusa da su. Da wannan yake gane nasa in an kawo gyara. Ya share wurin da babban yatsa, ya kai ido kusa, sai murmushin ya tafi. Ni ba ni ya yi wa magana ba, da kansa yake, amma muryarsa ta fita.

"Wanga ai keken Mani ne."

Keken da ke kusa da mu ya tsaya. Na bayansa ma ya tsaya.

Sunan Mani na taɓa jinsa, kamar kowa a gari. Tela ne da yake ɗaure kan kekensa a bayan babur yana bin kasuwannin ƙauye. Sati uku kafin nan an tare shi a hanyar Kiéché, aka sassare shi da adda, aka tafi da babur da keke. Ya kwana huɗu a asibiti ya rasu. Abin da ban sani ba shi ne ƙanensa Mu'awiya yana ɗinki shago biyu daga inda nake tsaye.

Ya taso da igiyar awo rataye a wuyansa. Ya duba ƙasan keken, ya dube ni, ya tambaye ni inda na samu. Na ce a waya na saya. Ya tambayi sunan mai sayarwa, na ce ban sani ba. Ya tambayi garinsa, na ce ban sani ba. Ina jin yadda amsoshina suke fita, ni kaina da a bakin wata na ji su da ban yarda ba.

Marin farko ya sauka a kunnena na hagu, na daina jin komai ta wannan gefen. Wani ya ce matar ɓarayin ce, maganar ta bi layi har ta fita kasuwar hatsi, mutanen da ba su san keke ba, ba su san Mani ba, suka yo kanmu. Na ciro waya in kunna musu muryar mutumin, wani ya doke hannuna, ta faɗi, ƙafafu suka bi ta kanta.

Duk wanda ake duka baya yake juyawa ya rufe fuska. Jikina ya fara yin haka da kansa, sai na ji Marwa ta ƙwalla ƙara a tsakanin kafaɗuna. Bayana ba nawa ba ne. Na juyo na ba su fuska da ƙirji, na riƙa ja da baya har na ji bangon shagon Malam Sallau, na tsaya taki ɗaya kafin bangon don kada a matse ta. Tun daga nan abu ɗaya nake lissafi: kada kowa ya zagaya bayana.

Aka fizge hijabina ya shaƙe ni. Mu'awiya ya naushe ni a baki, na ji haƙori ya motsa, jini ya cika mini harshe. Yana kuka yana duka, yana tambayata wa ya kashe masa wa. Wata mata mai tallan fura ta jefe ni da ludayi. Wani dogo ya ɗauko ƙafar benci da ta karye, ya ɗaga ta sama ta gefen da kan Marwa ya leƙo. Na tare da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin, hannun ya sauka yana lilo kamar ba a jikina yake ba.

Dutse ya wuce ta saman kafaɗata ya bugi kwanon ƙofa, daidai tsayin kanta.

Malam Sallau yana ta ihu a tsaya, ba mai jinsa. Ya kutsa ya tsaya gabana, aka fasa masa goshi da abin da aka nufe ni da shi. Na kama rigarsa da hannun hagu na jawo shi kusa.

"Baba, ka bar ni. Ka ɗauki ɗiyar."

Ya gane. Ya zagaya bayana, na sunkuya kaɗan, na kwance majanyi da hannu ɗaya da haƙora, na ji nauyinta ya bar bayana. Ya shige da ita, na ji ƙofar ƙarfe ta rufe, na ji sakata. Sai a lokacin na durƙusa na rufe kaina, na ba su bayan da suke nema. Ƙafa, sanda, takalmi, ban ƙirga ba. Kukanta yana fitowa ta ƙasan ƙofa, ni kuma ina saurarensa, domin muddin tana kuka tana numfashi.

Ban san wanda ya kira 'yan sanda ba. Na ji jiniya, na ji mutane suna watsewa, na ga Mu'awiya zaune a ƙasa rungume da kan keken, ba ya ko motsi. Wani ɗan sanda ya ce in tashi a kai ni asibiti. Na ce ba inda za ni sai an buɗe ƙofar nan.

Malam Sallau ya fito da ita a kafaɗa, jinin goshinsa ya ɓata mata riga, sai da na duba da kyau na gane ba nata ba ne. A nan ƙasa na zaunar da ita kan cinyata na tuɓe ta. Na duba kai, na shafa bayan kunnuwa, na lanƙwasa kowane hannu da kowace ƙafa, na danna ciki. Ƙujewa ɗaya ce a gwiwa, inda ta gogi bakin ƙofa.

A mota Malam Sallau ya zauna kusa da mu riƙe da tsumma a goshi. Ya ce shekara talatin yana buga ɗigon nan, bai taɓa karanta shi da ƙarfi ba sai yau, da ya ja ni cikin shago ya faɗa mini a hankali da ba a kai nan ba. Ya ce in yafe masa. Na ce ya bari, ai shi ne ya rufe wa ɗiyata ƙofa.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, Bushira ta kawo wayarta, hoton keken da lambar mutumin suna ciki, resin ajans kuma, shaidar kuɗin da na tura, yana ƙarƙashin katifata. Suka rubuta, suka ce keken zai zauna wurinsu har a gama bincike, daga nan a ba matar Mani. Lambar mutumin a kashe take tun ranar da na karɓi kaya. Kuɗina ban tambaya ba.

An ɗaure mini hannu da filasta daga gwiwa zuwa yatsu, likita ya ce sati shida, kuma kada in ɗauki abu mai nauyi. Na tambaye shi goyo fa. Ya ce goyo ma. Da ya fita na ce wa Bushira ta ɗora mini ita a baya ta ɗaure da kyau, ta ja ƙullin ta gefen hagu inda hannuna zai kai. Marwa ta kwantar da kai ta yi barci kafin mu fita ƙofar asibitin.