Goyon Shinkafa

A watan Mayun 1974 maigidana ya fara goyon shinkafa.

Malam ɗalibin ilimin duwatsu ne a wata jami'a a nan New York. Malamansu suka ce a watan Agusta duk 'yan ajin za su yi kwana goma a duwatsun Adirondack, a ƙafa, kowa da tantinsa da abincinsa a baya. Wannan fa mutumin da in ya hawo benenmu na Highbridge, hawa biyar, sai ya zauna ya sha ruwa kafin ya amsa sannu da zuwa. Sai ga shi ya sayo wata jakar baya mai ƙarafuna kamar gadon asibiti, ya zura mata buhun shinkafata mai nauyin fam ashirin da biyar, wai atisaye zai fara. Duk Asabar mu hau bas zuwa dajin Inwood, can ƙarshen Manhattan, shi a gaba da shinkafa, ni a baya da Balki.

Balki ce 'yarmu ta fari, watanta goma sha tara lokacin. Yanzu da na tsufa ne ma nake iya kama sunan. Shi kuwa Malam, kunyar ɗan fari tun daga Malumfashi ya ƙullo ta cikin akwati. Bai taɓa ɗaukar yarinyar a gabana ba. Iyakarsa ya ce, "Yarinyar nan ta ci abinci?" idonsa na kan jarida.

Ana haka wasiƙar Hajiya, mahaifiyarsa, ta iso. Ta ce lokacin yaye ya yi, kuma ta ji Indo, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, za ta gida ranar ashirin ga Yuni, a ba ta yarinyar ta kai mata. Malam ya karanta mini, ya ninke takardar ya sa aljihu. Wa ya isa ya ce wa uwar miji a'a, kuma a kan ɗan fari? Banɗaki na shiga, na buɗe famfo, na yi kukana. Ba na son rabuwa da 'yata, kuma haushin Malam nake ji kamar in shaƙe shi, don ko a jikinsa.

Saura mako uku Indo ta tashi muka sake zuwa Inwood. Rana ta take, hanyar kuma duk hawa ce da saiwoyi. A tsakiyar tudu na ja na tsaya.

"Malam, wannan wane irin adalci ne? Kai kana goyon abin da ba ya shuri, ni ina goyon mai shuri da cizo. Mu yi musaya."

Ya waiga hagu da dama. Ba kowa sai wata tsohuwar Baturiya da karenta.

"Namiji da goyo, Hajara? In wani ɗan gida ya gan mu fa?"

"Wane ɗan gida ne zai baro tuwonsa ya zo hawan dutse ba a aike shi ba? Mu kaɗai ne marasa aikin yi."

Ya dubi Balki. "Fam nawa ce?"

"Ashirin da huɗu, in ji nas."

"To. A matsayin kaya dai."

Ya duƙa, na ɗora masa ita, na yafa zanin. Nan fa aka yi ta. Ƙirjin Malam shafe yake kamar allo, babu abin da zai tare zani. In ɗaure, ya sulale. In ɗaure, ya sulale. Tsohuwar nan ta tsaya kallo, har karen ya zauna. Daga ƙarshe na tamke shi da majanyi, na ƙara da bel ɗin wandonsa, ya ce numfashinsa na fita da ƙyar, na ce haka muke yi kullum. Ni kuma na saɓa jakar shinkafa, ƙarafunan suna sukar kafaɗata.

Balki ta ga duniya daga sama, abin ya yi mata daɗi. Ta cire masa hula ta jefar. Ta kama kunnuwansa biyu tana ja, ta mai da kansa ganga. Yana cewa, "Ke, ke, bari," amma muryar ba ta mai hanawa ba ce. Ba mu yi nisa ba ta kwantar da kumatunta a wuyansa, barci ya kwashe ta.

Ina bayansa, don haka ni na ga komai. Tafiyarsa ta sauya. Mutumin da ke tsallake saiwa kamar an biyo shi, sai ga shi yana taka ƙasa a hankali. Reshe ya sauko, ya sa hannu ya kare. Can sai hannun nan ya zagayo baya ya tallafe ta, yana ɗan bubbugawa, yadda kowace uwa take yi, ba wanda ya koya masa.

Muka kai saman tudu, inda ake hango kogin Hudson da jiragen ruwa. Na sauke jaka, na shimfiɗa mayafi, na fito da burodi da ƙwai.

"Kawo ta in kwance ka."

"Bar ta, za ta farka."

A tsaye ya ci burodinsa, a ɗan duƙe, yawun barcinta na bin kwalar rigarsa. Ya fi rabin awa a haka. Ni dai ina ta ɓare ƙwai.

Da muka kama gangarowa, har yanzu tana bayansa, sai ya yi gyaran murya.

"Hajara, na lura da wani abu. Shinkafa ba ta motsi. Kayan da za mu ɗauka a can kuwa akwai ruwa a gora, yana rinjayar mutum nan da can. Wannan ta fi dacewa da atisaye."

"Ai sai ka more ta, saura mako uku."

"Tafiyarmu sai Agusta. Ba a katse atisaye a tsakiya."

Na daure na ce, "Indo fa?"

"Ki ba ta haƙuri."

"Hajiya fa?"

"Ni zan rubuta mata. Sha'anin karatu ne, za ta gane."

"To bayan Agusta?"

Ya yi taku uku ko huɗu kafin ya amsa.

"Na ji an ce baɗi ma akwai wata tafiyar."

Wallahi kuka ne ya ƙwace mini, na farin ciki, a tsakiyar daji, da buhun shinkafa a baya. Ya ji ni sarai, amma bai juyo ba. Hannu kawai ya miƙa ya gyara mata ƙafar da ta zamo, ya ce in bi a hankali, wurin nan akwai santsi.