Zaren Kaka Afiniki

"Ki kira mini Edna," in ji Kaka Afiniki da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Ya dawo daga sukul?"

Ina durƙushe gefen gadonta ina ba ta kunun acca da cokali, rabi na wucewa rabi na dawowa. Maƙoƙon da ke wuyanta ya kai ƙaramar ƙwarya, ya danne mata maƙogwaro, duk numfashin da ta ja sai ka ji wani siririn fito. Bango ɗaya ne ya raba ɗakinta da namu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, don haka tun farkon damina da fiton nan muke ci muke sha.

"Tana cin abinci, Kaka," na ce. Gaskiya ba na son kiran 'yata.

Duk unguwa an san tsohuwar nan da tare 'yan makaranta a ƙofar gidanta. Sai ta ɗaura wa yaro baƙin zare a wuya, sako-sako, yadda yatsunta biyu za su shige, bayan an kwana biyu ta sake tare shi ta zura yatsun. Mata suka ce hannun nata ne ke shuka ciwon. Na ce in haka ne lallai ta sha aiki, don in 'yan ajin su Edna suka ɗaga kai suna waƙa a coci, wuyan da bai tasa ba shi ne baƙo, har na yaran ƙauyukan Kagoro da ba su taɓa ganinta ba. A baki nake wannan jarumtar. Ranar da na ga zaren a wuyan 'yata, jarumtar ta ƙare. Na kasa tsinke shi, na kuma kasa kallonsa.

Sai ga Edna a bakin ƙofa da kayan makaranta, ba wanda ya kira ta.

"Zo nan, jikana."

Tsohuwar ta ɗaga hannu da ƙyar ta laluba wuyan yarinyar. Yatsa ɗaya ya shiga. Na biyun ya tsaya a waje.

"Kaka, kina shaƙe ni."

"Ba ni ba ne, yarinya." Ta juyo da idanunta kaina, ta jira numfashi ya zo. "Maman Edna, lokacin Kirsimati, yatsa biyu yana shiga. Ni ma mamana ya ɗaura mini zare, amma zamanin ba asibiti. Ki kai shi asibitin mishan, suna da magani. Kar ki jira babansa ya dawo da jirgi. Kar ki ce ƙiba ne."

Abin da mijina Sambo ya ce ke nan kafin ya tafi, ƙiba ce, ni kuma na riƙe maganar hannu bibbiyu don ita ce mai daɗin ji. Na ja Edna muka fita, ina jin haushin tsohuwar har cikin raina.

Washegari da rana tsaka ana yayyafi, ina tsintar wake, sai na ji gidan ya yi wani iri. Kaji na nan, ruwa na ɗiga daga kwano, amma akwai abin da babu. Na daɗe kafin in gane fiton ne ya tsaya.

Mu matan zumuntar coci muka yi mata wanka. Da Emilia, ɗaya daga cikinmu, ta ɗaga kumburin za ta goge ƙarƙashinsa, sai muka ga wani siririn tabo ya zagaye wuyan, inda zare ya taɓa nutsewa cikin fata. Emilia, wadda ta fi kowa cewa mayya ce, ta ce, "Yesu," ta ja zane ta rufe.

Da la'asar na shiga ɗakinmu ɗaukar ɗankwali. Mata na waƙa a ɗaya gefen bangon. Da suka kai ƙarshen baiti suka yi shiru, sai na ji fiton nan, siriri, yana zuwa yana komawa. Na manna kunne a bango. Ba daga can yake ba.

Edna ce kwance kan tabarma a bayana, barci ya kwashe ta, kanta ya ɗan karkace, baƙin zaren ya kwanta lif a fatarta.

Na ɗauko takalmanta na zuwa coci na ajiye a bakin ƙofa don tafiya mishan da sassafe, na zauna kusa da ita ina sauraro.